Sake rayuwa a fina-finan Sin: komawa baya yana gyara aure kuwa?

Maman Hadiza, Yantala, Yamai

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambaya a kan fina-finan ƙasar Sin masu dogon zango, irin waɗanda mutum yake mutuwa sannan ya farka ya tsinci kansa a ƙuruciyarsa, yana tune da duk abin da ya same shi a rayuwar farko. Zan ɗan tsawaita, ku yi mini haƙuri, domin tambayar ta taɓa rayuwata.

A watan Afrilun da ya wuce, lokacin da zafi ya tsananta kuma wuta take yawan ɗaukewa, ni da ƙanwata mukan shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan sallar isha'i, mu jingina salula a jikin buta, mu kalli wani shiri mai suna Du Hua Nian, wanda aka fi sani da The Princess Royal. An fitar da shi a 2024, kashi 40 ne. Labarin wata gimbiya ce, Li Rong, da mijinta Pei Wenxuan. An ɗaura musu aure tana da shekara 18, suka yi shekara 20 a matsayin miji da mata amma zukatansu a rabe, har suka mutu kowannensu yana zaton ɗan'uwansa ne ya kashe shi. Sai suka farka gabanin auren, su biyun duka suna tune da komai. Da farko kowa yana son kauce wa ɗayan, daga baya suka amince su sake auren don biyan buƙatar siyasa, da niyyar rabuwa idan buƙatar ta biya. A hankali suka fara tambayar juna abubuwan da ba su taɓa tambaya ba cikin shekara 20, suka gano cewa yawancin abin da ya raba su zato ne da girman kai.

Abin da ya sa shirin ya tsaya mini a rai shi ne wannan. Na yi shekara tara da mahaifin 'ya'yana kafin ya sake ni saki ɗaya, idda ta cika, yau shekara biyu ke nan. Tushen ɓacin ranmu haihuwata ta biyu ce, wadda aka yi mini aiki. Kwana uku ina kwance a asibiti bai leƙo ba, mahaifiyata ce kaɗai take zaune a bakin gado tana yi mini fifita. Da ya zo bai ce komai ba, ni ma ban tambaye shi ba, na haɗiye abin ya zauna mini a ƙirji shekara huɗu, duk wata ƙaramar magana sai ta koma can. Bayan rabuwarmu ne ƙanwarsa ta gaya mini cewa a waɗannan kwanaki yana bin mutane a kasuwar Katako yana neman rancen kuɗin aikin, har ya sayar da babur ɗinsa, kunya ce ta hana shi faɗa mini cewa hannunsa babu komai. Yanzu ya turo kawunsa wurin mahaifina yana neman a mayar da auren.

Tambayata kashi biyu ce. Na farko, wannan dawowa da suke nunawa ita ce aƙidar nan ta cewa rai yana fita daga jiki ya shiga wani, kuma me ya sa ta cika fina-finansu haka? Na biyu, na lura cewa a yawancin irin waɗannan shirye-shirye matar da ta dawo ba ta komawa wurin mijin farko, gudunsa take yi ko ta ɗauki fansa. Wanne ya fi kusa da gaskiyar rayuwa a ganinku, masu gudu ko waɗannan biyu da suka koma?

Ɗan Adar, malamin makaranta, Yamai

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na yi karatu shekara huɗu a ƙasar Sin, kuma na kalli da yawa daga cikin waɗannan shirye-shirye tun ina amfani da su wajen koyon harshe, don haka zan amsa kashin farko gwargwadon sanina.

Abubuwa uku ne mabambanta muke haɗawa a suna ɗaya, su kuwa Sinawa kowanne da sunansa. Na farko shi ne lunhui, wato zagayen haihuwa da mutuwa, wanda ya shigo musu tare da addinin Buda daga Indiya a zamanin daular Han, kusan shekara 2000 da suka wuce, ya gauraya da al'adunsu na gargajiya. A tatsuniyarsu, kafin rai ya koma duniya sai ya bi ta wata gada mai suna Naihe, inda wata tsohuwa da ake kira Meng Po take ba kowa romo ya sha, wanda ya sha kuwa ya manta da rayuwarsa ta baya ƙaƙaf. Ki riƙe wannan da kyau, domin a asalin aƙidar mantuwa ce sharaɗin dawowa. Na biyu shi ne chuanyue, wato mutumin zamaninmu ya faɗa cikin wani zamani na da. Fitaccen misalinsa shi ne Bu Bu Jing Xin na 2011, inda wata ma'aikaciya ta farka a jikin wata budurwa a zamanin sarki Kangxi na daular Qing, tana sane da wanda zai gaji sarauta cikin 'ya'yan sarki da waɗanda za su hallaka, amma sanin bai ba ta ikon kare kowa ba. Na uku shi ne chongsheng, wanda kika kalla. A nan rai bai sauya jiki ba, mutumin ya koma kansa ne a shekarun baya, da tunaninsa cikakke.

Saboda haka, abin da ke cikin Du Hua Nian ya fi kusa da karin maganarmu ta "da na sani ƙeya ce" fiye da koyarwar Buda. Marubucin ya ɗauki ƙeyar ya juyo da ita gaba, ya ce to ga shi kin sani, me za ki yi? Abokan karatuna Sinawa da suke kallon irin wannan ba su ɗauke shi a matsayin addini ba, dabarar ba da labari suke ganinsa.

Game da yawansa, tushen yana intanet. Kusan duk waɗannan shirye-shirye daga littattafan da ake wallafawa babi-babi a shafukan intanet aka ɗauko su, irin su Qidian da kuma Jinjiang, wanda aka kafa a 2003 kuma mafi yawan marubutansa da masu karatunsa mata ne. Marubuciyar da take son ta riƙe masu karatu kullum tana buƙatar jaruma mai dalilin fushi tun daga shafin farko, mai wayon da ya wuce shekarunta. Mace da aka zalunta har ta mutu, ta dawo tana da shekara 15 da hankalin mai shekara 35, ta cika wannan buƙata baki ɗaya. Wannan ne kuma ya amsa rabin tambayarki ta biyu: ana zana mijin farko a matsayin azzalumi tun daga tushe domin a samu abin ɗaukar fansa.

Akwai wani abu da mai kallo daga nan ba zai lura da shi ba sai an nuna masa. A 2011 hukumar da take kula da rediyo da fina-finai da talabijin ta ƙasar a wancan lokacin ta fitar da sanarwa tana sukar shirye-shiryen komawa zamanin da, bisa cewa suna wasa da tarihi kuma suna yaɗa camfi, har ta ambaci batun dawowar rai. Tun daga nan masu shirya fina-finai suke neman hanyar zagayawa. A Ning An Ru Meng na 2023, wanda ake kira Story of Kunning Palace, an buɗe shirin da wata marubuciya ta zamani da take sake rubuta littafinta, don haka rayuwa ta biyu ta Jiang Xuening gyaran labari ce a cikin labari. A Mo Yu Yun Jian na 2024, wato The Double, littafin asali ya ce jarumar ta mutu ta farka a jikin wata, amma a shirin an sauya: mijinta Shen Yurong ya binne ta da rai, ta tsira, sannan ta ɗauki sunan Jiang Li, yarinyar da ta cece ta kuma ta rasu. Idan kika ji ana yawan cewa "mafarki ne" ko "littafi ne" a farkon shiri, yawanci dalilin ke nan.

Ra'ayina a kan wanda kika kalla shi ne ya fi sauran zurfi, saboda ya bambanta sanin abin da ya faru da sanin dalilin da ya sa ya faru. Li Rong ta dawo da tarihin shekara 20 a kanta, tana iya faɗin wanda zai ci amana da wanda zai hau mulki, amma ba ta san zuciyar mutumin da ta zauna da shi duk tsawon lokacin ba. Wannan ɓangaren ban ga ƙarya a cikinsa ba.

Hajiya Inna, Tawa

Ɗiyata, na karanta zancenki sau biyu. Malam ya yi bayani mai gamsarwa a kan asalin abin, amma ni ina da ja a kan yabon da ya yi wa wannan shiri, kuma gara in faɗa miki tun da wuri.

Waɗannan biyu da kika kalla an mayar musu da abu uku a lokaci guda: ƙuruciyarsu, da shekarun da suka ɓata, da kuma sanin yadda ƙarshen taurin kansu ya kasance, tunda sun ɗanɗani mutuwa a kansa. Ke babu ɗaya daga ciki da za a mayar miki. Shekara huɗun da kika yi da abu a ƙirji sun tafi, kuma mutumin da zai dawo shi ne dai wanda ya iya yin kwana uku yana wahala dominki, sannan ya yi shekara huɗu yana kallon fuskarki a murtuke bai buɗe baki ba. Sayar da babur ɗin alheri ne, Allah ya saka masa. Shirun kuwa hali ne, kuma hali zanen dutse.

Ni shirin da na kalla tare da jikokina shi ne Jiu Chong Zi, wanda suke kira Blossom, na ƙarshen 2024. Dou Zhao ta dawo tana ƙaramar yarinya, ta san cewa mahaifinta zai shigo da wata mace gidan kuma hakan zai yi sanadin mutuwar mahaifiyarta. Ta yi iyakar ƙoƙarinta, uwar ta mutu duk da haka, domin yarinyar ba ta da ikon sauya zuciyar uban ko ta uwar. Abin da ta iya sauyawa nata ne: ta koma ƙauye wurin kakarta, ta koyi harkar dukiya da kasuwanci, ta ƙi auren Wei Tingyu wanda ya ci amanarta da ƙanwarta a rayuwar farko. Wannan ne na yarda da shi, domin na gan shi da idona a nan Adar.

Kin san mazanmu da tafiya ci-rani. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya yi shekara shida a Abijan a farkon aurenmu, ba wasiƙa ba saƙo sai sau biyu. Ranar da ya dawo ya ajiye akwatin ƙarfe a ƙofar ɗakina, cike da atamfa da sabulu, ya zauna ya sha fura kamar jiya ya fita. Surukata ta ce in yi murna, na yi. Amma zaman bai daidaita ba sai bayan wata bakwai, wani dare da na ajiye kunya na ce masa sai ya gaya mini abin da ya riƙe shi. Ya yi ta magana har kiran assalatu, ciwon da ya yi, da jarin da ya karye, da kunyar dawowa hannu rabbana. Daga ranar ya koyi faɗa mini abu tun yana ɗanye, muka yi shekara 31 bayan haka. Na san mata da yawa a unguwarmu da suka yi irin tambayar aka ce musu ba huruminsu ba ne, kuma zamansu bai sauya ba har yau.

Don haka ina tambayarki: labarin babur ɗin daga bakin ƙanwarsa kika ji, shi ya taɓa faɗa miki da bakinsa? Kawunsa ya turo, wannan mutunci ne kuma haka al'ada ta tanada, amma ba da kawun za ki zauna ba.

Abu Ammar, Harobanda, Yamai

Allah ya saka wa Malam da Hajiya da alheri. Zan ƙara kaɗan ta fuskar addini, tunda 'yar'uwa ta tambaya a kan aƙida.

Musulmi bai yarda rai yana dawowa duniya bayan mutuwa ba, ko a jikinsa ko a jikin wani. A Suratul Mu'minun, aya ta 99 da ta 100, an ba da labarin wanda mutuwa ta zo masa yana roƙon a mayar da shi ko ya aikata na gari cikin abin da ya bari, aka amsa masa da a'a, kuma a bayansu akwai shamaki har ranar tashi. Ya kamata iyaye su bayyana wa yara wannan idan suna kallo tare, musamman da yake mu ma muna da ragowar irin wannan tunani a batun ɗan wabi, inda ake cewa yaro ɗaya ne yake mutuwa yana dawowa, har a sa masa suna irin Ajuji ko Ayashe don ya zauna. Haka kuma hadisin Abu Huraira da Muslim ya ruwaito ya hana mutum cewa da na yi kaza da kaza ya faru, domin wannan "da" tana buɗe ƙofar aikin Shaiɗan. Wanda kallon irin waɗannan shirye-shirye yake sa shi kwana yana lissafin abin da ya wuce, gara ya rage.

Sai dai damar sake gwada aure tana nan a shari'a tun mutum yana raye. Suratul Baƙara aya ta 229 ta ce saki sau biyu ne, sannan a riƙe da alheri ko a rabu da kyautatawa. Tunda saki ɗaya ne kuma idda ta cika, ba shi da ikon yin kome da kansa. Sai da yardarki, da waliyyi, da sabon sadaki, da sabon ɗaurin aure, kamar kowane manemi. Kina da damar ki gindaya abin da kike son a tattauna kafin ki amsa, kuma aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta nuna hanyar sa mutum ɗaya daga danginsa da ɗaya daga naki su shiga tsakani. Ki haɗa da istihara.

Zainabu, ɗaliba a Jami'ar Abdou Moumouni

Yaya, ina goyon bayan Hajiya, kuma ina da misali daga irin na farko da Malam ya ambata. A shirin 2017 mai suna San Sheng San Shi Shi Li Tao Hua, wanda aka sani da Eternal Love, kashi 58, jarumar Bai Qian ta yi wani zango na rayuwarta a matsayin mace 'yar adam mai suna Su Su. Mijinta Ye Hua, yarima mai jiran gadon sarautar sama, ya cire mata idanu da hannunsa bayan an yi mata ƙazafi, a kan cewa da bai yi haka ba da an kashe ta. Bai zaunar da ita ya bayyana mata yadda ya kamata ba. Ta haihu, ta faɗa daga wani dandamali don ta rabu da shi, ta sha maganin mantuwa, bayan shekara 300 suka sake haɗuwa, labarin kuma ya bi da mu har muka tausaya masa.

Na kalle shi ina aji na ƙarshe a sakandare, na yi kuka sosai. Da na sake kallonsa bara sai raina ya ɓaci, domin na ga yadda aka mayar da "na ɓoye miki ne don in kare ki" ta zama shaidar ƙauna mafi girma. Sinawa suna da kalmar yuanfen, wato rabon haɗuwa tsakanin mutum biyu, da tatsuniyar jan zaren da ake ɗaure wa masoya tun kafin su san juna. Idan labari ya riga ya ce rabon juna ne su, to duk abin da namijin ya yi sai an nemo masa uzuri. Ban ce mahaifin su Hadiza haka yake ba, nesa ba kusa ba. Ina nufin dai kada daɗin shirin ya yanke miki hukunci kafin shi ya yi magana.

Maman Hadiza, Yantala, Yamai

Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Malam, yanzu na fahimci bambancin, kuma na gane dalilin da ya sa ƙanwata take cewa wani shirin mafarki ne, wani kuma littafi.

Hajiya, tambayarku ta hana ni barci. A'a, bai taɓa faɗa mini da bakinsa ba. Amma da na yi tunani sai na ga ni ma ban taɓa gaya masa cewa kwana ukun nan ne suka tsaya mini ba. Ya ga fushi, bai san tushensa ba, kamar yadda na ga rashin zuwansa ban san dalili ba. Na san ranar da ya dawo gida a ƙafa, na ga babu babur, na ɗauka ya ba wani aro ne, ban tambaya ba saboda ina jin haushinsa. Wannan kason nawa ne, ba zan ɗora masa ba.

Jiya bayan magariba na samu Baba na roƙe shi kada ya ba kawun amsa tukuna. Na ce ina son a ba mu dama mu zauna ni da shi a zauren gidanmu, yayana yana kusa, in tambaye shi abin da ya faru a waɗannan kwanaki uku ba tare da na nuna masa na riga na ji ba. Baba ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce zai aika a gaya masa ya zo ranar Juma'a bayan la'asar.